Abin da aka tattara kan jifa a wasan besbol

1. Kowa ya yarda ƙarfin jifa daga ƙafa da ƙugu yake tasowa. Wanda ya juya kafaɗa kafin ƙafar gaba ta dira, gwiwar hannunsa ce za ta ji jiki.

2. Jifan gudu: yatsu biyu a gicciye kan ɗinkin ƙwallo, ba a matsewa. Jifan yaudara kuwa, wato wanda ya yi kama da jifan gudu amma ƙwallon ke tafiya a hankali, a cusa ƙwallon cikin tafi, amma kada hannu ya rage sauri, in ba haka ba mai duka, wato wanda ke jiran buga ƙwallon da sanda, ya gano.

3. A Amurka an rage tsayin tudun da mai jifa ke tsayawa a kai daga inci 15 zuwa 10 a 1969, saboda masu jifa sun fi ƙarfin masu duka.

4. Kan dalilin yawaitar tsinkewar jijiyar gwiwar hannu a tsakanin masu jifa aka rabu. Wasu sun ce haɗamar gudu ce, wasu sun ce yawan jifa tun ana yara. Ni dai hujjar na biyun ta fi kama ni.