Gajimaren da na ɗora a kan hoton duniya ya koma hazo, ina matsalar take?

Mai_Zane: Assalamu alaikum. Ina da hoton doron ƙasa mai faɗin fiksel 8192 da tsayi 4096, da na gajimare baƙi da fari daga jerin Blue Marble na NASA. A GIMP, manhajar gyaran hoto, na ɗora gajimaren a sama, na rage masa ƙarfi zuwa kashi 50, sai teku ta dushe, komai ya yi toka-toka. Da na naɗa shi a jikin ƙwallo a Blender, manhajar zanen 3D, kuma, wani layi ya tsaga Pasifik daga sama har ƙasa, a ƙuryar arewa gajimaren ya tattare kamar bakin buhu. A taimaka.

Baban_Fiksel: Wa alaikumus salam. Rage ƙarfin nan shi ne ya ɓata maka aiki, ɗan'uwa, domin baƙin hoton ma yana sauka a kan tekun, ba farin kaɗai ba. Mayar da shi kashi 100, ka sauya yanayin leyar, wato shimfiɗar da gajimaren yake kai, zuwa Screen: baƙi ya ɓace, fari ya zauna. In akwai sauran hazo, to baƙin bai kai baƙi ba. Buɗe Levels ka jawo kibiyar hagu zuwa wajen 20 ko 25. Kada ka zarce, siraran gizagizan nan masu kama da gashin tsuntsu su ne za su fara tafiya, kuma su ke sa hoto ya yi kama da gaske.

Amma abin da ya fi shi ne ka yi sabuwar leya fara fat, ka sa mata Layer Mask, wato abin da ke ɓoye leyar inda yake baƙi, ya nuna ta inda yake fari, ka liƙa hoton gajimaren a cikinsa. Ta haka za ka iya fitar da shi shi kaɗai. Ka adana a PNG, JPEG ba ya riƙe wurin da babu komai.

Taurariya: Layin nan, Malam, mahaɗar gefen hagu da na dama ce, a digiri 180. Hoton NASA a haɗe yake zuwa, yawanci yanka shi ko sa masa Gaussian Blur, mai sa hoto dishi-dishi, ke raba bakunan. Danna Ctrl+Shift+O don gusa hoton, ka sa 4096 a X, sifili a Y, ka zaɓi Wrap around. Ɗinkin zai dawo tsakiya, ka gyara da Clone, mai kwafo wani sashen hoto ya rufe wani, ka sake turawa 4096. Y kam kada ka taɓa, za ka haɗa arewa da kudu.

Tattarewar kuwa daga tsarin taswirar take: fiksel 8192 na layin sama duk a ɗigo ɗaya suke ƙarewa. Yi kwafi, ka mayar da shi murabba'i, ka sa Polar Coordinates da ke ƙarƙashin Distorts. Ƙuryar za ta zo tsakiyar da'ira, ka gyara ta yadda ido zai gan ta, ka cire alamar To polar ka mayar. Wannan kai-komo yana rage kaifi, don haka saman kwafin kaɗai za ka riƙe. Na kudu sai ka kifa hoton tukuna.

Baban_Fiksel: Saura inuwa. A wannan faɗin, fiksel ɗaya kusan kilomita 5 ne a kan layin da ya raba duniya arewa da kudu, yawancin gajimare kuma bai wuce kilomita 12 a sama ba. Kwafi leyar gajimaren, mayar da ita baƙa, ka sa ta ƙarƙashi a Multiply da ƙarfin kashi 30 zuwa 40, ka gusa ta fiksel 2 ko 3, da ɗan dishi-dishi. Masu gusawa 20 sai ka ga gajimare na shawagi kamar faranti. Wannan na hoton da ba ya motsi ne. In ƙwallon zai juya, inuwar za ta bi shi ta saɓa wa rana. A nan sai ƙwallo na biyu a Blender, girmansa 1.002 zuwa 1.005 na na farko, ka haɗa hoton gajimaren da Alpha, wato mai nuna inda za a gani da inda babu komai, ka sa shi Non-Color.

Mai_Zane: Madalla, tekun ta dawo shuɗiya. In kwafo guguwa daga kudu in cike wani gibi a arewa, ya yi?

Taurariya: Sai ka juya ta kamar a madubi tukuna. Guguwar arewa saɓanin hannun agogo take murɗawa, ta kudu kuma tana bin sa. Ka duba gibin ma: in kan Sahara ne, bar shi a buɗe, haka sararinta yake galibin shekara.