Saksafo, mabushi da bitar gwani: mu tsayar da sunayen nan

1/
Jama'a, akwai kalmomi uku da nake so mu kashe maganarsu. Idan za a ba da labarin mutum irin Yusef Lateef da Hausa, me za a kira abin da yake busawa, wanda Turawa ke cewa saksofon? Shi kansa me za a kira shi? Sannan zaman koyarwar nan da irinsu suke yawon yi daga wannan jami'a zuwa waccan, mene ne sunansa? Kowace an kawo mini shawara a kanta, kuma ba duka na karɓa ba.

2/
Na ɗauko Lateef ne saboda ba baƙonmu ba ne. Ba'amurke ne da ya tashi a Detroit, ya musulunta, ya yi suna da busa saksofon, ya kuma yi digirin dakta a fannin ilimi a Jami'ar Massachusetts a 1975. Daga 1981 zuwa 1985 yana Zariya, a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, yana bincike a kan sarewar Fulani. Da ya koma gida ya ci gaba da koyarwa a Amherst, garin da Jami'ar Massachusetts ɗin take, ya rasu a 2013 yana da shekara 93. Mutum ya tsallako teku ya zauna da mu don ya san sarewarmu da sunanta. Mu kuma in za mu ambaci nasa sai mu ce "wani abin busa"? Abin yana damuna.

3/
Shawarar farko kan sunan abin busar: kakakin Turawa. Na ga dalili, duka biyun ƙarfe ne mai buɗaɗɗen baki. Amma kakaki leɓen mai busa ne ke karkarwa ya ba da sauti, ba shi da ramukan yatsu, kuma abin sarauta ne da ba a busa wa kowa. Saksofon kuwa a bakinsa ake ɗaura wani siririn ɓallin kara, shi ne ke kaɗawa idan iska ta bi ta kansa. Shi ya sa su kansu Turawan ba sa lissafa shi cikin dangin begila, duk da jikinsa na tagulla ne.

4/
Sarewar ƙarfe ma ba ta yi ba. Sarewa ba ta da kara a baki, iska ce ke bugun gefen rami.

5/
Wadda ta fi jan hankalina ita ce algaitar Turawa, kuma malamin da ya kawo ta ya san abin da yake faɗa. Allah ya ƙara sani, Malam. Algaita da saksofon duka ƙirarsu ɗaya ta ciki: siriri daga sama, yana buɗewa har ƙasa. Duka da kara suke magana. Har dabarar nan ta mai algaita, da zai cika kumatu ya riƙa shaƙar iska ta hanci busa ba ta yanke ba, masu saksofon suna zama su koye ta a aji.

Ga inda ta karye. Karan algaita baki biyu ne da ke haɗuwa, na saksofon falle ɗaya ne. Kuma Turawa suna da abin busa mai kara baki biyu, wato obo, wanda shi ne ɗan'uwan algaita na jini. Lateef ɗin nan yana busa saksofon, yana busa sarewa, yana kuma busa obo. In muka ba saksofon sunan algaita, ranar da za mu jera abubuwan da yake busawa sai mu rasa abin da za mu kira na ukun. Don haka a bar wa obo "algaitar Turawa". In ana yi wa wanda bai taɓa ganin saksofon ba bayani, a ce masa yana kama da algaita, ya isa.

6/
To sai aro. Kuma sunan ya cancanci a bar shi, don sunan mutum ne a ciki: Adolphe Sax, maƙerin kayan busa ɗan Beljiyam, wanda ya yi rajistar ƙirar a Paris a 1846. Abin da ya rage shi ne yadda bakin Bahaushe zai furta shi, kuma iyayenmu sun riga sun nuna hanya. Kalmomin Turanci masu irin wannan ƙarshe sun shigo mana tun zamanin Turawa: "telephone" ta zama tarho, "gramophone" ta zama garmaho. Ba su ce "tarhon" ko "garmahon" ba sai in za su jingina shi da wani abu. A wannan ma'auni, sunan shi ne saksafo.

Ku gwada shi a jimla. Saksafon Fela. Saksafonsa ya tsufa. Ya sayi sabon saksafo. Wancan "n" da kunne ya saba ji yana dawowa da kansa a inda nahawu ke buƙatarsa, ba sai an ce "saksofon ɗinsa" ba. Jam'i kuma saksafuna, kamar kwando da kwanduna, kuma ana buƙatar jam'in, don iri huɗu aka fi busawa, daga ƙaramin mai siririyar murya har babban da sai an rataya shi da ɗamara.

7/
'Yan'uwanmu na Nijar sun ce su "sakso" suka saba ji, yadda masu Faransanci ke gajarta shi. Ba saɓani. Wanda kuma bakinsa ya fi sakewa da saksaho, hanyar tarho ya bi.

8/
Yanzu mutumin. Kafin a raɗa masa suna ya kamata a san aikinsa, don sana'a ce mai silsila. Sax da kansa ya koyar da abin a babbar makarantar kiɗa ta Paris daga 1857, aka rufe ajin a 1870, ba a sake buɗe shi ba sai 1942 a hannun Marcel Mule. Shekara 72 abin busa ba shi da kujera a makarantar. A Amurka, Larry Teal ne ya fara zama cikakken malamin saksafo a jami'a, a Michigan a 1953. Frederick Hemke, wanda ya yi karatu wurin Mule, ya riƙe kujerar Jami'ar Northwestern daga 1962 har 2012. Eugene Rousseau ya koyar a Jami'ar Indiana daga 1964 zuwa 2000, kuma shi da wani mabushin saksafo, Paul Brodie, suka kira taron masu saksafo na duniya na farko a Shikago a 1969.

Irin waɗannan ba a allo suke wuni ba. Kowane ɗalibi yana da sa'arsa shi kaɗai da malam a mako. Bayan haka malamin dole ya hau dandamali da kansa, ya yi faifai, ya nemi marubutan kiɗa su rubuta sababbin abubuwa domin saksafo, tunda abin busa ne ɗan baya-bayan nan da bai gaji tarin kiɗan da gogen Turawa ko fiyano suka gada ba. Jami'a kuma tana lissafa wannan busar a matsayin aikinsa na ilimi idan an zo ƙarin girma, kamar yadda ake lissafa wa malamin kimiyya bincikensa. Wasunsu har da kamfanonin ƙera abin suke aiki, kamar yadda Rousseau ya yi da kamfanin Yamaha.

9/
Shi ya sa "makaɗi" ba ta gamsar da ni ba. Na farko, ba kaɗawa yake ba, busawa yake, kuma Hausa ta bambance tun da can: a fada akwai Sarkin Kiɗa, akwai Sarkin Busa. Na biyu, kunnen mutanenmu in ya ji makaɗi, biki da roƙo yake hangowa. Muna da mabushi, jam'i mabusa, kalma ce tamu mai rai. Mabushin saksafo in yana kan dandamali, malamin saksafo in yana aji, farfesa in ya kai. Mutum ɗaya ne, kuma ba sai mun ƙirƙiro masa wata doguwar kalma da za ta haɗe duka ba.

10/
Saura zaman koyarwar. A nan Turancin ma kalmomi biyu ne da mukan cakuɗa. Akwai wanda kowa ke zuwa da saksafonsa, a yi kwana biyu ko mako ana busa tare, ana koyon numfashi da zaɓen kara da busa mutum huɗu a haɗe. Wannan bita ce, ba gardama. Bitar busa. "Taron ƙara wa juna sani" ya fi dacewa da inda ake gabatar da takardu, a nan kuwa ba takarda ake karantawa ba.

11/
Na biyun ne mai wuya, wanda suke kira mastakilas. Ga yadda yake. Baƙon malami ya zo. Ɗalibi ɗaya ya miƙe a gaban jama'a ya busa abin da ya shirya. Malam ya ɗaga hannu ya tsayar da shi a tsakiya, ya ce sassauta haɓa, kana cije karan, iskar ta fito daga ciki ba daga maƙogwaro ba. Ya ɗauki nasa ya busa wurin sau ɗaya. Ɗalibi ya maimaita, sautin ya buɗe, duk ɗakin ya ji bambancin. Sauran ba su busa komai ba, amma da gyaran da aka yi wa mutum ɗaya kowa ya ƙaru. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san wannan zama, inda malam ke gyara wa ɗalibi ɗaya karatu sauran suna zaune da littattafansu suna jiran layi, suna kwasar abin da ba a kansu aka faɗa ba.

An kawo "ajin ƙwararru", amma wannan yana nuna ɗaliban ne ƙwararru, alhali mai gyaran ake nufi. An kawo "zaman gyara", wanda ya faɗi gaskiyar abin, sai dai in ka rubuta shi a sanarwa za a ɗauka sulhu za a yi. Ni na tsaya a kan bitar gwani.

12/
Wata baiwar Allah ta ce gwani na mahaddata Alƙur'ani ne, kada a kai shi wurin busa. Hajiya, na girmama wannan kishin, kuma Gwani a matsayin laƙabin da ake sa wa mutum gaban sunansa na tsangaya ne, ba mai taɓa shi. Ba za mu ce Gwani Rousseau ba. Amma gwani da ƙaramin baƙi na kowace sana'a ne: muna cewa gwanin gini, gwanar girki, gwanin sukuwa, ba wanda ya taɓa jin an rage wa alaramma daraja. A wannan ma'anar na ɗauko shi, kuma a rubuce ma da ƙaramin baƙi za a bar shi.