Float da drift: wai duk abu ɗaya ne?

Ɗan Fagge: Jama'a ni fa ina nan kan bakana, float da drift abu ɗaya ne, duk dai abu ne ke yawo a kan ruwa ko a iska. Ƙanina ya rubuta the boat floated to the other village malaminsu ya ja masa jan biro wai drifted ya kamata ya sa, ni a ganina tsanani ne kawai irin na malaman Turanci.

Malama: A'a ɗan'uwa, akwai bambanci. Float magana take a kan abu ya nutse ko bai nutse ba. Drift kuwa maganar tafiya ce wadda ba mai tuƙi, ruwa ko iska ke kai abu inda suka ga dama. Ka ɗaure kwale-kwale da igiya a bakin kogi ya kwana nan, it is floating, amma ba wanda zai ce it is drifting tunda bai gusa ko'ina ba. Ranar da igiyar ta tsinke ruwa ya ja shi, to ranar drift ta shigo.

Ɗan Fagge: To Malama ya za ki yi da the balloon floated away, ko clouds floated across the sky? Turawan da bakinsu suke faɗa, kuma ai tafiya ce balan-balan ɗin ya yi ba tsayuwa ba.

Malama: Nan kam da gaskiyarka, float tana ɗaukar tafiya, amma duba da kyau away da across ɗin nan su suka ɗauko tafiyar, ita float abin da ta ƙara shi ne rashin nauyi, abu na tafiya a hankali ba ya taɓa ƙasa. Shi ya sa jimlar ƙaninka ba kuskuren nahawu ba ce, da ni ce ba zan ja masa layi ba sai dai in rubuta masa a gefe cewa in jirgin ƙwacewa ya yi drifted ta fi fito da labarin.

Injiniya: Bari in sa baki. A Janairun 1992 wata kwantena ta faɗa tekun Fasifik daga jirgin da ya taso daga Hong Kong zai je Amurka, cikinta kayan wasan wanka na yara ne guda 28,800, agwagin roba da kunkuru da kwaɗi. Ba su nutse ba, they floated. Daga nan igiyar ruwa ta yi ta jansu har wasu suka fito gaɓar Alaska a ƙarshen shekarar, they drifted, kuma masu binciken teku da wannan jan suka yi amfani wajen gane hanyoyin da ruwan teku ke bi. Abu ɗaya ne ya yi duka biyun amma ba aiki ɗaya ya yi ba.

Ɗan Fagge: Ai Injiniya ka taimake ni ne ma, duk abin da ya yi drift sai da ya yi float tukuna.

Injiniya: Ina! Direba ya yi gyangyaɗi a kan sitiyari mota ta saki hannunta ta shiga hannun wasu, Bature cewa zai yi the car drifted into the other lane, tayoyi huɗu na kan kwalta ina float a nan? Yashin hamada ma drift yake yi in iska na turo shi. Sannan Alfred Wegener, Bajamushen nan da a 1912 ya kawo maganar cewa nahiyoyi a haɗe suke da can suka rabu a hankali, continental drift ake kiran ra'ayinsa har gobe.

Auta: Anti Malama ni tambayata a kan naira ce, a Yunin 2023 da aka ce CBN, wato Babban Bankin Najeriya, ta yi floating ɗin naira me ya sa ba a ce drifting ba, tunda sakinta aka yi wa kasuwa?

Malama: Tambaya mai kyau ƙanwata. Float kina iya yi wa wani abu ita da gangan, float the naira, float an idea wato ki jefa shawara ki ga yadda za a karɓe ta, float a company a kai shi kasuwar hannun jari. Drift kuwa yawanci faruwa take da abu, ba a shirya ta. Babu gwamnatin da za ta fito ta ce we are drifting, don ta amsa ke nan ba ta riƙe da komai.

Baban Walid: Wallahi mu da muke sayo kaya da dala abin da muka gani a wannan lokacin ya fi kama da drift ɗin, ka kwanta da farashi ka tashi da wani, ba ka san inda za ta tsaya ba balle ka sa wa kayanka kuɗi.

Injiniya: Shi ya sa masana tattalin arziki ke da managed float, an saki kuɗin amma babban banki na shiga ya sayar da dala in abin ya yi ƙamari.

Ɗan Fagge: To Muhammad Ali fa, da ya ce float like a butterfly, sting like a bee a 1964 lokacin karawarsa da Sonny Liston? Ga tafiya ga saurin ƙafa, duk da float.

Malama: Gwada sa drift a gurbinta ka ji. Ɗan damben da ke drifting a fili hankalinsa ya tafi wani wuri, naushi kawai yake jira. Ali rashin nauyin ƙafa yake nufi kuma ya san inda yake taka kowace.

Ɗan Fagge: Na yarda a kan mota da naira sun rabu, amma a kan gajimare da balan-balan da jirgin ƙanina har yanzu ina ganin kowacce ka sa ta zauna, kuma makin yaron nan bai kamata ya tafi ba.

Auta: Anti, shi ya sa ake cewa we drifted apart in abota ta mutu ba tare da faɗa ba?

Malama: Ƙwarai, ba wanda ya ce ma wani komai, yau ba a kira ba gobe ba a kira ba har shekara ta zagayo. Haka in barci ya sace ki kina tsaka da karatu, she drifted off za a ce.