"Garin neman gira a rasa ido": a jikin tsohon maɓallin soja wanne ne gira wanne ne ido?

Mai Tono:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masana karin magana ku raba mana wata gardama. Mu masu yawon tono kayan da da na'urar gano ƙarfe kusan babu abin da muke yawan samu irin maɓallan rigunan soja, kuma babu abin da ake yawan ɓatawa irinsu, mutum zai fito da maɓallin da ya yi shekara 150 a ƙasa ya yi kore shar, sai ya jiƙa shi a ruwan lemon tsami ko khal ya bi shi da soson ƙarfe wai sai ya yi ƙyalli, ƙarshe ya koma jajaja duk ramuka zanen ya shafe. Ni duk wanda na ga ya yi haka ce masa nake garin neman gira ka rasa ido. Toh wani abokina ya ce ba muhallinta ba ne, wai ita ta mai kwaɗayi ce wanda yake da abu ya tafi neman ƙari, shi kuwa mai wanke maɓalli gyara ya nufa. Ya kuke gani?

Malamin Hausa:
Wa alaikumus salam. Abokin naka gefe ɗaya ya kama. Ai iri biyu ake faɗinta, wasu su ce garin neman gira wasu su ce garin gyaran gira, kuma duk wuri ɗaya suka dosa, wato ka jefa babban abu cikin haɗari saboda ƙarami wanda ko babu shi za a rayu. Gira ado ce, ido da shi ake gani, kuma maƙwabtan juna ne shi ya sa hannun da ya je taɓa ɗaya yake tsone ɗayan. Ba sai da kwaɗayi ba. Ta mai kwaɗayi ita ce garin neman ƙiba a samo rama. Don haka ka faɗe ta a wurinta, ƙyallin shi ne girar.

Tsohon Soja:
Malam ni fa ban yarda ba. Maɓallin soja don ya yi ƙyalli aka yi shi. Sojan Ingila har katako ko tagulla mai tsaga ake ba shi da yake zura maɓallan a ciki ya goge su da Brasso don kada man ya taɓa rigar, kullum kuwa, kuma idan aka fito fareti maɓallinka ya dushe ka shiga uku. Sai wajen shekarun 1950 da aka kawo na alminiyam waɗanda ba sa buƙatar guga aka huta. Toh wanda ya sa rigar nan bai taɓa ganin maɓallinsa kore ba, ta yaya koren zai zama ido ƙyallin ya zama gira? A wurina wanda ya goge ya mayar da abu yadda mai shi ya san shi ne. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

'Yar Gidan Tarihi:
Baba Allah ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce a kan maɓallin da ke jikin riga, amma wanda ya kwana a ƙasa shekara da shekaru wani abu ne daban. Koren nan ba datti ba ne da ya hau kai wanda za a share a tarar da tagulla lafiyayya a ƙarƙashi. Fuskar tagullar ce da kanta ta rikiɗe ta zama haka, jan ƙarfen da ke ciki ya haɗu da ruwa da iska da gishirin ƙasa, don haka zanen da ke jikin maɓallin irin gashin mikiya da harafi da lambar runduna sau da yawa a cikin koren suke zaune. Ka zuba masa tsami ya narkar da koren, ka narkar da zanen ke nan, abin da zai rage shi ne ƙarfe mai ramuka wanda mai rigar ma bai taɓa gani ba. Sannan na hafsoshi yawanci ruwan zinare aka yi musu, a da ana kwaɓa zinaren da zaiba a shafa a gasa a wuta zaibar ta tashi, abin da ke zama siririn abu ne ƙwarai, soson ƙarfe sau biyu ya tafi da shi har abada. Ƙyallin da ake nema ba ya dawowa Baba, shi ya sa nake ganin karin maganar ta zauna daram.

Tsohon Soja:
Toh 'yata na ji wannan. Amma kenan a bar shi da ƙasarsa kamar yadda aka tono?

Ɗan Tara Maɓallai:
Nan ne nake son in shigo. Ni a ganina an yi saurin cewa koren ne ido. Idon maɓalli yana bayansa. Masu ƙera su suna buga sunansu a baya zagaye da ɗan kunnen da ake ɗinkewa, kuma da wannan rubutun ake gane shekarunsa. Misali na Amurka, kamfanin Scovill da ke Waterbury a jihar Konetikat sunansa ya sha canzawa, sai daga 1850 ya zama Scovill Manufacturing Company, don haka in ka ga wannan sunan ka san ba a yi shi kafin nan ba. Na Ingila za ka ga irin su Firmin na Landan, wasu kuma a rubuce TREBLE GILT wato ruwan zinare ninki uku. Gaban ma haka, na sojan Amurka mai mikiya akwai harafi a garkuwar ƙirjinta, I na sojan ƙasa, A na masu igwa, C na sojan doki, daga 1854 aka cire wa ƙananan sojoji harafin aka bar wa hafsoshi, kun ga a filin Yaƙin Basasa na 1861 zuwa 1865 harafi ɗaya na iya gaya maka wane irin mutum ne ya sa rigar. Idan ƙasa ta toshe duk wannan ka ƙi taɓawa saboda tsoro, ai ido kake da shi a rufe. Dole a buɗe shi.

Mai Tono:
Amma ɗan'uwa ai ance da muguwar rawa gara ƙin tashi. Yawancin masu buɗewar nan ɓarna suke yi.

Malamin Hausa:
Ka lura da kalmar muguwa a ciki. Ba a ce da rawa gara ƙin tashi ba. Wannan ana faɗa wa wanda bai iya ba ne, ba ta hana wanda ya iya tashi. Haka ita ma ta girar, ba ta ce kada a gyara gira ba, cewa ta yi a san inda ido yake.

'Yar Gidan Tarihi:
Haka ne Malam, kuma akwai yadda ake yi ba tare da ɓarna ba, haƙuri kawai yake so. A bar maɓallin ya bushe a inuwa a hankali, sannan a ɗauki tsinken sakace da buroshi mai laushi a riƙa ɗaga ƙasar kaɗan kaɗan ƙarƙashin gilashin ƙara girma, da ka ga koren mai santsi ya bayyana ka tsaya. Rubutun baya sau da yawa ba sai ka ƙwaƙule shi ba, ka haska masa tocila daga gefe inuwar haruffan za ta fito, wasu ma da gangan suke barin ƙasa cikin ramin haruffan don ta fi nuna su. Idan sai an sa ruwa a sa tataccen ruwa zalla irin wanda ake ƙara wa batir, ba mai asid ba, kuma maɓalli mai ɓari biyu ko uku wanda cikinsa fanko ne kada a jiƙa shi, ruwa zai shige ya zauna yana ci ta ciki, wasu bayansu baƙin ƙarfe ne tsatsa za ta fasa shi. Man zaitun da mutane ke so yana baƙanta shi kuma yana da tsami a jikinsa. In an gama ya bushe sarai sai a shafa kaki siriri, akwai Renaissance Wax wanda aka haɗa a ɗakin binciken Gidan Tarihin Birtaniya a shekarun 1950.

Amma akwai wuri ɗaya da ƙin tashi yake kashe maɓalli, don Allah a kula. Idan ka ga wani kore mai haske yana tsirowa kamar gari, ka share ya dawo bayan kwanaki, wannan ba koren kirki ba ne, ciwon tagulla ne, gishirin kuloraid ne a cikin ƙarfen yake haɗuwa da laima yana cin sa har ya huda. Wannan a ware shi daga sauran, a sa shi a mazubi mai rufewa ruf da ƙwayoyin silika masu shanye laima, a riƙe laimar ƙasa da kashi 40 cikin 100, kuma kada a rufe shi da kaki don cutar za ta ci gaba a ƙarƙashi. In mai daraja ne a kai wa masu aikin adana kayan tarihi.

Sabon Shiga:
Yayyena ni sabo ne a harkar amma ina da tambaya, ba a nan ake cewa tsintacciyar mage ba ta mage ba? Tunda duk tsintuwa ce ba mu san mai shi ba.

Malamin Hausa:
A'a ƙanena, waccan a kan abin da ba naka ba ne tun asali wanda ba za ka dogara da shi ba, ba zai zauna maka kamar naka ba. Maɓalli ba ya gudu. Sai dai in kana nufin wanda aka saya a hannun wani ba a san inda ya fito ba, nan kam tana iya shiga.

Ɗan Tara Maɓallai:
Tana shiga sosai ma, musamman na 'yan Kudu, wato jihohin da suka ɓalle a Yaƙin Basasan Amurka, masu harafin CSA, jabunsu ya yi yawa saboda suna tsada, har binne sabo ake yi ko a zuba masa sinadari ya yi kore. Wani dalili ke nan da masu tarawa ba sa son gogagge, koren asali shi ne shaidarsa.

Dattijo Mai Karatu:
Na karanta duk abin da kuka rubuta kuma ina ganin har yanzu a kan girar kuke, kore ne ko ƙyalli ne ko rubutun baya. Ni a wurina idon ba a jikin maɓallin yake ba sam, yana wurin da aka same shi. Ku duba Little Bighorn a Amurka inda aka yi yaƙi a 1876, bayan gobara ta cinye ciyawar wurin a 1983 masu binciken tarihi suka shiga a 1984 da 1985 tare da masu na'urar gano ƙarfe 'yan sa kai, kowane kwanson harsashi da maɓalli sai an sa masa alama a taswira kafin a ɗaga, da haka aka bi sawun yadda mutane suka motsa a filin. Da kowa ya zo ya cika aljihu ya tafi da babu wannan ilimin ko da kuwa kowane maɓalli an adana shi da kyau. Ku duba kuma Fromelles a Faransa, yaƙin Yulin 1916, a 2009 aka tono gawa 250 daga ramukan da aka binne su tare, maɓallai da bajoji da ke jikinsu suna cikin abin da ya nuna wa ma'aikata wane na Ostireliya ne wane na Birtaniya kafin a je ga gwajin ƙwayoyin halitta (DNA) na dangi. Wannan ɗan mutum ne da iyalansa suka yi shekara 90 da ɗoriya ba su san kabarinsa ba. Wanda ya riga su zuwa da na'ura ya cire maɓallin daga ƙirjin gawa don ya sa a akwatin gilashi, shi ne ya rasa ido garin neman gira, kuma ba idonsa kaɗai ba. Don haka duk maɓalli a rubuta inda aka same shi da zurfinsa da abin da ke kusa da shi a ɗauki hoto tun yana ƙasa, in kuwa ka ga ƙashi ka ajiye shebur ka kira hukuma. Kuma a san doka, a Amurka tono a filin gwamnatin tarayya irin filin yaƙin Gettysburg laifi ne, akwai dokar 1979 a kai, a Faransa sai da izinin hukuma, filayen Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma har gobe akwai bama-baman da ba su fashe ba a ciki.

Mai Tono:
Baba wannan ta shige ni wallahi. Amma Malam, tana ɗaukar wannan ma'anar? Don shi mai cirewar bai yi asarar komai nasa ba.

Malamin Hausa:
Nan zan ɗan saɓa wa Baba da girmamawa. A yadda aka saba, mai neman girar shi ne mai rasa idon, asarar a kansa take komawa. Idan wani ne ya yi asara shi ya tafi da riba, wannan zalunci ne, ya fi ƙarfin karin maganar nan, ita tana da tausayi a cikinta don mai niyyar kirki ake faɗa wa. Sai dai in an faɗe ta da "a" ɗin jam'i, kada garin neman gira a rasa ido, ana nufin mu duka masu harkar, toh ta ɗauka. Kuma Mai Tono ka riƙa faɗinta da "kada" tun kafin mutum ya taɓa, in ya riga ya ɓata ka faɗa masa ta zama gori.

Dattijo Mai Karatu:
Da jam'in nake nufi Malam. Duk filin da aka kwashe ba a rubuta ba mu duka muka rasa.

Sabon Shiga:
Anti wanda yake fari-fari mai toka-toka fa, gefensa yana marmashewa, da lamba a jiki?

'Yar Gidan Tarihi:
Wannan alama na kuza ne da aka haɗa da darma. In na Ingila ne, daga 1767 aka fara sa lambar runduna a maɓalli kuma ƙananan sojoji irin wannan suka sa har 1855 da aka koma tagulla, don haka mai yiwuwa ya girmi duk waɗanda muke magana a kai. Shi ya fi kowanne rauni, kada ruwa kada tsinke a gefen, buroshi mai laushi kawai a fuskar. Kada ka sa shi a akwatin katako musamman na oak don tururin tsamin da katakon ke fitarwa yana cin darma, kada kuma ledar PVC. Ka samo ɗan mazubin roba mai tauri ka shimfiɗa masa soso marar sinadari, ka riƙa ɗaukarsa da safar hannu saboda farin garin nan na darma guba ne. Ka fara rubuta lambar da ɗaukar hotonta yau, don irin wannan gefen yana iya tafiya da ita.