In ɓera da sata, daddawa ma da wari: laifin wa in albasa ta ruɓe?

Ɗan Galmi: Jama'a ku raba mu da wani dillali a nan Tawa. An buɗe buhunan albasar da ya tura Abijan, aka tarar da ruɓaɓɓiya da yawa, ya ce zai kori yaran da suka cika buhu. Na ce masa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wai ba muhallinta ba ne.

Malamin Lakwal: Dillalin bai yi ƙarya duka ba, ɗana. Karin maganar raba laifi take yi, ba ta wanke ɓera. Yaron da ya ga albasa mai laushin wuya ya jefa ta buhu, ya san abin da ya yi.

Injiniya Yamai: Gafarta Malam, amma a kan me ake biyan yaron? In a kan yawan buhu ne, to kai ka koya masa kada ya tsaya zaɓe. Abin da Deming, Ba'amurken da ya koyar da masu masana'antun Japan a 1950, ya dage a kai ke nan: mafi yawan aibin kaya daga tsarin aiki yake, kuma tsari a hannun maigida yake. A kamfanin motoci na Toyota, injiniyansu Taiichi Ohno ya sa a riƙa tambayar "don me?" har sau biyar. Mu gwada. Don me ta ruɓe? An zuba ta da danshi. Don me? An yanke ganye wuya bai bushe ba. Don me? An ci gaba da ban ruwa har gab da cira, ga takin ure ya yi yawa. Don me? Manomi na son nauyi, tunda ba wanda ke ƙara masa ko dala don albasa mai jure ajiya. Tun ba a kai ta biyar ba mun baro yaron a baya.

Hajiya Mai Kilishi: To in haka ne ba mai laifi ke nan, Injiniya? Ni dai in naman bai bushe ba na san wadda zan kira.

Injiniya Yamai: Kira ta Hajiya, amma ki fara duba kaurin yanka da lokacin shanya. Ki sauya abu guda, ki gwada a faranti kaɗan, ki duba, in ya yi ki mai da shi ƙa'ida.

Malamin Lakwal: Ni a nan "gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba" ta fi dacewa. Ita ba ta neman mai laifi.

Ɗan Galmi: Ita zan kai masa gobe. Amma Injiniya, in ya ware mai zaɓe daban, wa zai biya shi, dillali ko manomi?