Wane wasa za mu sa matasa su saki jiki da juna a taro?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawara. Muna da taron matasa ranar Asabar mai zuwa, yara kamar 40 ne daga Mabera da Runjin Sambo da Gawon Nama, mafi yawansu ba su san juna ba. Wancan karon da munka yi, wallahi kowa ya zamna da 'yan unguwarsu ya duƙe kan waya, har aka tashi babu wanda ya san sunan wani, raina bai yi daɗi ba ko kaɗan. Mi za mu yi a farko wanda zai sa su saki jiki, ba kuɗi garemu ba kuma.

'Yar Arkilla:
Wa alaikumus salam yaya. Fara da kacici-kacici, ba ka buƙatar komi. Amma kar ka bari su zaɓi rukuni da kansu, ka sa su ƙirga 1 zuwa 4 a jere, masu 1 gefe guda, masu 2 gefe guda, shi ke nan ka raba 'yan unguwa ɗaya ba tare da kowa ya ji haushi ba. Sai rukuni ya ce ƙulun ƙulufit, ya jefa wa wani, irin su shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, ko baba na ɗaka gemu na waje. In an kasa sai a ba da gari, kuma nan ne daɗin yake, mu da munka yi wani yaro an ba shi Wurno ya ce bai karɓa ba sai Tambuwal garin kakarshi, nan take wata ta ce ai ita ma can ne mahaifarta, ka ga hira ta ɓarke. Ka haɗa da karya harshe na kwaɗo da ƙato da ƙoto, ko mai kunya sai ya yi dariya.

Malamin Islamiyya:
Shawarar ƙanwata ta yi. Ni dai in akwai mata a taron ka raba wurin wasa mai motsa jiki, don iyaye su yarda su sake turo maka 'ya'yansu. Kuma ka kula da lokaci, ka san zafin Sakkwato, watan Afrilu yana wuce digiri 40, kar ka fitar da yara fili sai bayan La'asar, a aje randa ko fiya wata kusa.

Baban Langa:
Haba jama'a ku bar mancewa da langa! Maza 20 ka raba goma-goma, kowa ya kama ƙafa ɗaya ta baya da hannu, wanda ya saki ko ya faɗi ya mutu, kowane ɓangare na da ruwa wanda ake karewa har ya kai gida. Abin da ya sa nake son ta, dole ka kira sunan abokinka kana gudu, dole ka kare wanda ba ka taɓa gani ba, minti goma sun zama 'yan gida ɗaya. Sai dai a nemi wuri mai yashi, mu mun taɓa yi bisa siminti yaro ya gurɗe ƙafa, da ni da uwarshi har yau gaisuwa ce kawai. Wanda ba ya iya tsalle a haƙa mai gurbin dara a ƙasa, ramu 30, kowa da 'ya'ya 12.

Ɗan Mabera:
Allah shi saka da alheri. Zan fara da ƙirgan nan da kacici-kacici cikin aji, langa bayan La'asar. Malam, matan kuma mi za su yi lokacin, gaɗa ko carafke, ko dai sun girme su?