Masu fita daji a Riyad, ya kuke yi da hadarin watan Afrilu?

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, amma sai na fara ba ku labari.

Shekarata uku a Riyad, ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, iyali kuma bara suka iso. Mu biyar ne abokai, duk ranar Alhamis in an tashi daga aiki sai mun haɗu. Wani lokaci shayi kawai muke sha a Batha, wani lokaci mu shimfiɗa darduma a Wadi Hanifa, in aljihu ya yi nauyi kuma mu yi abin da 'yan ƙasa ke kira kashta, mu nufi Sumama da gawayi da nama. Wannan fitar ita ce ke riƙe da mu a garin nan, don in ba ita ba, daga aiki sai gida, daga gida sai aiki.

To, Alhamis ɗin da ta wuce mun fita bayan la'asar a motar da ɗayanmu yake tuƙa wa kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar. Muka sami wani wuri mai kyau a ƙasan tuddai biyu, yashi mai laushi kamar an tankaɗe, ga 'yan bishiyoyin ƙaya. Na ɗaga kai na duba gabas, sama tas. Muka hura wuta, na barbaɗa yajin ƙuli-ƙulin da surukata ta aiko mini daga Zariya, wanda nake tattalinsa kamar zinare. Nama ya fara ƙamshi ke nan sai iska ta ɗauke ɗif. Can sai wani sanyi ya bugo mu ta baya. Muna waiwayawa muka ga abu ja wur ya tokare sama da ƙasa yana tahowa. Wallahi ko minti biyar ba a yi ba. Darduma ta tashi, garwashi ya watse ya ƙona wa telan cikinmu jallabiya, nama ya koma yashi zalla. Muka faɗa mota muka rufe, sai ga ƙanƙara tana dukan rufin kamar ana juye tsakuwa, har gilashin gaba ya tsage.

Sai wajen sha ɗaya na dare na isa gida. Na tarar da maiɗakina zaune a falo da 'yarmu a cinya tana tari, tagar kicin ta buɗe da kanta, ƙura har cikin tukunyar shinkafa, shanyar da ke kan bene kuwa ba a ga ko hula ba. Ba ta ce mini uffan ba, wanda duk mai aure ya san ya fi faɗa ciwo.

Yanzu mun rabu biyu. Biyu sun ce a jingine fita sai bayan Mayu, biyu sun ce tsoro ne kawai, ai a gida ma hadari bai taɓa hana mu zuwa dandali ba. Ni ne na tsakiya. Ku da kuka daɗe a nan, akwai yadda ake gane ranar da abin zai zo? Kuma me ake yi wa gida ƙurar nan ta daina shiga?

Baba Mai Carbi:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ƙara tsarewa. Na karanta har inda ka ce ka duba gabas, sai na yi dariya ni kaɗai, don kuskuren da na yi ke nan shekara talatin da wani abu da suka wuce. A ƙasarmu hadari daga gabas yake haɗowa, tun muna yara haka aka koya mana. A nan Najadu, yankin da Riyad take, yawancinsa ta yamma yake ɓullowa, ko ta arewa maso yamma. Ka ba shi baya kana gasa nama.

Iri biyu ne, kada ka haɗa su. Akwai ƙurar da iskar arewa ke kwasowa tun daga wajen Iraƙi, wadda take rufe gari yini guda ko biyu. Irinta ce ta ranar 10 ga Maris 2009. Ina bakin shago da hantsi rana ta ɓace, gari ya yi ja, sannan ya yi duhu, har jirage suka daina tashi. Irin wannan masu hasashen yanayi sukan hango ta tun da sauran lokaci. Ta biyun ita ce ta same ku. Mutanen Najadu suna kiran hadarin wannan lokaci marawih, saboda da yamma yake zuwa, daga ƙarshen Maris zuwa cikin Mayu. Rana ta gasa ƙasa tun safe, gajimare ya taru ya yi tsiri, sai iska mai sanyi ta zubo daga cikinsa ta daki yashi ta tura shi gaba. Sanyin nan da ka ji a ƙeyarka, ai sallamar hadarin ce. In ka ji shi, lokacin naɗe darduma ya riga ya wuce.

Amma ba ƙurar ce ta tayar mini da hankali ba. Wurin da kuka zauna ne. Ƙasan tuddai biyu, yashi mai laushi, bishiyoyi a jere: ɗana, a tsakiyar hanyar ruwa kuka hura wuta. Wa ya tankaɗe yashin in ba ruwa ba? Wa ya shayar da bishiyoyin? Kwarin nan da Larabawa ke kira sha'ib ba ya jiran a yi ruwa a kanka. Ana iya yin ruwa can nesa inda ko walƙiyarsa ba ka gani ba, ya gangaro da laka da duwatsu ya iske ka kana zuba shayi. Shi ya sa hukuma ta sa tara mai nauyi, riyal 5,000 zuwa 10,000, ga wanda ya kutsa kwari da mota ruwa na gudu.

Ban ce ku daina fita ba. Ku mayar da ita safiyar Asabar, bayan asuba, ku dawo kafin azahar. Ku zauna a kan tudu, amma in an fara tsawa ku shiga mota, kada ku raɓe ƙarƙashin bishiya. Ka sa manhajar Anwa ta cibiyar hasashen yanayi ta ƙasa a wayarka. Gargaɗinsu launi uku ne, rawaya, ruwan lemo da ja. In ka ga ja, ko ragon layya aka yanka muku ku ci shi a gida.

Maman Husna:

Baba ya gama magana a kan daji, ni ta gida zan yi, don na ga duk hankalinku yana kan nama da gilashin mota. Malam, baiwar Allah nan bara ta zo, ba ta san kowa ba, ta ga gari ya yi ja ita kaɗai da yarinya mai tari, wayarka kuma na tabbata ba ta shiga. Ka fara da ba ta haƙuri tukuna.

Ni a Jidda aka haife ni, aure ya kawo ni Riyad. Mu ruwa muka sani. Ambaliyar 25 ga Nuwamba 2009 ta ci fiye da mutum ɗari, alhazai na shirin fita Mina, unguwar Guwaiza ta fi kowa ɗanɗanawa. A Nuwamban 2022 kuma aka sake yin wani, milimita 179 cikin awa shida a kudancin gari. Tun daga 2009 mahaifiyarmu ko yayyafi ta gani sai ta kira mu ɗaya bayan ɗaya ta ji muna ina. Da na zo nan sai na tarar da ƙura, na koyi nata darasin.

Abin da nake yi: da na ga saƙon gargaɗi na kwashe shanya, na duba murfin tankin ruwa na kan bene, don in ya tashi laka za ku yi wanka da ita sati guda. Tsofaffin tawul na jiƙa su na toshe ƙasan ƙofa. Tagogin alminiyam ɗin nan masu zamewa su ne manyan munafukai, ko a rufe suke ƙura na bi ta hanyar da suke gudu, sai ka bi gefensu da salatif mai faɗi ka bar shi har ƙarshen Mayu. Fankar kicin da ta banɗaki masu fitar da iska, ramin nasu ma ƙofa ce. In mukayyif ɗinku, wato na'urar sanyaya ɗaki, irin na sahara ne mai aiki da ruwa, a kashe shi, iskar waje yake zuƙowa. In na gas ne a bar shi, amma a wanke ragarsa washegari. Bayan ta lafa kada a yi shara da tsintsiya, tayar da ita kawai za a yi, a bi da tsumma mai danshi.

Tarin yarinyar kuma kada ku yi wasa da shi. Kai ma'aikacin asibiti ne, ka fi ni sani. A ƙurar watan Mayun 2022 fiye da mutum dubu aka kai asibitocin Riyad saboda numfashi. Ɗana na biyu yana da asma, abin shaƙarsa ɗaya na jakata ɗaya na gefen gado. Ka rubuta wa maiɗakinka 997 na motar asibiti da 937 na ma'aikatar lafiya ka manna a jikin firij. Turaren wuta ma a haƙura da shi a irin ranakun, na san da wuya.

Zaman gidan kansa ba laifi. Ranar da aka ce yara su yi karatu daga gida ta manhajar Madrasati, ni kunun gyaɗa nake damawa na soya ƙosai, maƙwabciyata ta hawo da nata yaran, mu yi ta hira iska na kaɗa ƙofa.

Ɗan Mai Wurno:

Salamu alaikum. Ku yi haƙuri da Hausata, ta Sudan ce. Ya ɗan'uwa, wannan da kuka gani mu habub muke ce masa, da shi muka girma. A Khartum daga Mayu zuwa Yuli ba a rasa shi. A tsakar gida muke kwana kan angareb saboda zafi, cikin dare sai ka ji Hajiya tana cewa ku tashi ya zo, kowa ya sungumi gadonsa a ka ya yi ɗaki, da safe ka ga sawun ƙafarka a kan tabarma. Ba wanda ya taɓa fasa zuwa shan jabana, wato gahawarmu ta Sudan, saboda shi.

Don haka ni ina bayan masu cewa a fita. Kwanakin daɗin ba su da yawa, Yuni na shigowa zafi zai haura 40, ko an biya ka ba za ka zauna a Sumama da la'asar ba. Sai dai maganar kwari da Baba ya yi gaskiya ce, mu khor muke kiransa, mutanen Kasala su ba ka labarin kogin Gash, wanda yake bushe mafi yawan shekara sannan ya zo a fusace. In ranar ba ta yi kyau ba ku haɗa kuɗi ku kama hayar istiraha, wato gidan shaƙatawa mai ɗaki da katanga, kowa ya kawo iyalinsa. Yaji kuma a bar shi cikin kwalba sai nama ya sauka daga wuta, asarar nan ta fi ta gilashi zafi.

Direban Dammam:

Ni tirela nake ja tsakanin Riyad da Dammam. In ta rutsa ka a hanya kada ka tsaya a kan kwalta ko a bakinta, na baya ba ya ganinka. Ka rage gudu ka lallaɓa zuwa gidan mai, ko ka sauka can nesa da titi. Kada ka kunna abin share gilashi a kan busasshen yashi, kankare shi zai yi. In ruwa ya sauka a cikin gari ka guji hanyoyin ƙarƙashin gada, nan yake taruwa. Abokinku ya gaya wa kafilinsa gaskiya yau, kafin shi ya gani da idonsa.

Ɗan Tudun Wada:

Na gode ƙwarai. Baba, jikina ya yi sanyi da na karanta maganar kwarin. Jiya na sake duba hotunan da muka ɗauka kafin iskar, ga busasshiyar ciyawa da leda sun maƙale a jikin bishiya sama da gwiwar mutum, mu kuwa muna ƙasa muna dariya. Na tura wa sauran, wanda ya fi kowa cewa tsoro ne har yanzu bai ba da amsa ba.

Maman Husna, an ba da haƙuri, an karɓa da sharaɗi. Salatif na saya nadi uku, lambobin suna jikin firij, yarinya kuma likita ya duba ta, da sauƙi sosai. Maiɗakin tana tambaya ko garin ƙosan a nan kike samu ko wake kike jiƙawa.

Kuɗin gilashi mun raba biyar. Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu za mu gwada ta safe, Wadi Namar kawai, kusa da gida. Ɗan Mai Wurno, in kana Riyad ka zo da jabanarka, yajin ya rage rabin kwalba.